Tambayi Anti Nas: Nonon uwa da 'yan hayar cikin hanjin jariri

Zafi ya shigo, kuma kamar kowace shekara, yawancin wasiƙun da suka iso teburina kan jarirai ne: ruwa, zawo, yaye. Na zaɓi waɗanda amsarsu za ta yi wa mutane da yawa amfani.

Assalamu alaikum Anti. Ɗana na fari watansa uku. A asibiti an ce nono zalla har wata shida, ko ruwa kada a ba shi. Uwar mijina ta ce wannan mugunta ce, a zafin Kano babba ma ba ya awa guda bai nemi ruwa ba. Da na shiga wanka ko kicin sai ta ɗura masa da cokali, wani lokaci har da ɗan zuma. Kin san ɗan fari, ba ni da bakin magana. Cokali biyu na ruwa zai yi masa wani lahani ne?
*Wata uwa, Kurnar Asabe*

Wa alaikumus salam 'yata, Allah Ya raya mana shi. Zumar nan a tsayar da ita yau, kada a kai gobe. Zuma kan ɗauko ƙwayar wata cuta mai suna botulizim, wadda hanjin babba ke fin ƙarfinta, amma a hanjin jaririn da bai shekara ba tana iya tsirowa ta saki dafi mai sa jiki ya saki, yaro ya kasa tsotso, numfashi ya yi masa wuya. Ba kullum take faruwa ba, amma idan ta faru babbar magana ce.

Sai ruwa. Hajiya, uwar mijinki, ba ta yi ƙarya ba, jariri yana jin ƙishirwa. Abin da ba a gaya mata ba shi ne kusan kashi 87 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne. Shi ya sa a watan Afrilu za ki ga yaro yana yawan neman nono, ya ɗan tsotsa ya saki: ƙishirwa yake kashewa. Idan yana fitsari sau shida ko fiye a wuni da dare, fitsarin kuma ba ja ba ne, to ruwan jikinsa ya wadatar.

Amma dalilin da ya fi damuna yana can cikin hanji. Jariri kan zo duniya hanjinsa kusan wayam, cikin 'yan kwanaki ƙwayoyin bakteriya su fara tarewa, daga jikin uwa, daga bakinta, daga nono, daga hannun duk wanda ya ɗauke shi. Ba duka ne na cuta ba. Tun a 1899 wani likitan yara a birnin Faris, Henry Tissier, ya duba kashin jarirai masu shan nono ya ga wata ƙwaya guda ta mamaye wurin. Ita ce yau ake kira Bifidobacterium, mu ce mata Bifido don sauƙi. An daɗe ana neman abin da ke cikin nono da ke ƙarfafa ta, aka gano wani rukunin sukari ne da ake taƙaita sunansa da HMO, iri-iri fiye da 150. In aka cire ruwa, shi ne na uku a yawa cikin nono, bayan sukarin madara da mai. Ikon Allah, shi jaririn ba ya iya narkar da wannan sukari ko kaɗan. Haka yake wucewa har babban hanji, inda Bifido ke jiran sa. Ke nan jikinki yana ɓata ƙarfi yana haɗa abincin da ba ɗanki ne zai ci ba, na 'yan hayar cikinsa ne.

Su kuma suna biyan haya. Idan suka ci, sai su fitar da tsami, hanjin ya zama wurin da ƙwayoyin zawo ba sa jin daɗin zama. Wannan ɗan warin tsamin da kike ji a kashinsa, mai ruwan ɗorawa, alamar aikinsu ce. Suna kuma cike gurbi. Kin ga layin shaguna a Kantin Kwari: idan kowane shago da mai shi a ciki, baƙo ba shi da inda zai baza kaya. Shi kansa sukarin yana da wani aikin, domin wasu irinsa sun yi kama da wuraren da ƙwayoyin cuta ke maƙalewa a bangon hanji, sai su kama sukarin a maimakon hanjin, a fitar da su a kashi.

Ƙari a kan haka, nono na ɗauke da sinadarin kariya da ake kira IgA. Duk ƙwayar da ta shiga cikinki daga ruwan unguwarku ko abincin gidanku, jikinki yana haɗa maganinta, ƙwayoyin garkuwar da suka koyi aikin su yi ƙaura daga hanjinki zuwa mama, su zuba kariyar a nono. Saboda haka nononki ya san cututtukan Kurna, abin da babu gwangwanin madarar da ya sani. Akwai kuma laktoferin, mai riƙe sinadarin ƙarfe ya hana ƙwayoyin cuta samu.

Yanzu ki dubi cokalin Hajiya. Ruwan daga jarkar mai ga-ruwa ya zo, ya kwana a randa ko bokiti, an ɗiba da moɗar da kowa ke sha. Ko da fiya wata ne, cokalin fa? Sannan cikin jariri ƙarami ne, ruwa ya tare wurin nono, yaro ya rage tsotso, mama kuma gwargwadon tsotso take kawo ruwa. A hankali sai a fara cewa "nononta ba ya isar sa", alhali cokali ne ya jawo. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran Nijeriya 'yan ƙasa da wata shida ke kan nono zalla, kuma a abin da nake gani a wurin aiki, ruwa ne ke fara karya yawancinsu, ba madara ba.

Batun Hajiya, kada ki tunkare ta. Ki sa maigidan ya yi mata magana, ɗanta ne. In da hali ku tafi awo tare, ta ji daga bakin ma'aikaciya mai furfura. Kuma a ba ta aiki: duk sanda ta ji tausayin jikanta, ke za ta miƙo wa kofin ruwan, ki sha, ki ba shi nono. Na ga wannan dabara ta yi aiki a gidaje da dama, don kaka ba ta son a ce mata ta zauna ta zuba ido.

Ni tsohuwa ce, jikata ce ta rubuta mini. Mu a zamaninmu dakashi matse shi ake yi a zubar, a ba yaro dauri da rubutu kafin nono mai kyau ya zo. Ga 'ya'yanmu nan da jikoki. Yanzu kun ce komai namu kuskure ne. Har tauna dabino a sa wa jariri, wanda sunna ce, wata nas ta hana.
*Hajiya Kaka, Yakasai*

Hajiya, ina gaisuwa, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ba komai naku ne kuskure ba, wallahi da yawa mu ne muke koyo. Ku kuka shayar shekara biyu, kamar yadda aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambata, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya a yau shekara biyu ko fiye take cewa. Ku kuka goya, kuka kwana da jariri a jiki, kuka ba shi nono duk sanda ya nema ba tare da duba agogo ba. A Amurka, inda aka yi shekaru ana fifita madarar gwangwani, masu bincike sun tarar irin Bifido ɗin da ta fi iya cin sukarin nono ta yi ƙaranci a cikin jarirai, har sayar da ita ake yi a kwalba, alhali a ƙasashe irin su Gambiya da Bangladesh tana nan da yawa.

Amma dakashi, Hajiya, a nan zan roƙi arziki. Kaurinsa da launinsa ne suka sa ake ƙyamarsa, kuma wannan kaurin kariya ce. Sinadarin IgA da na ambata a sama ya fi yawa a cikinsa, haka bitamin A, sukarin da ke ciyar da ƙwayoyin kirki kuma kan kai giram 20 a lita, daga baya ya ragu. Yana zuwa kaɗan-kaɗan ne domin cikin jariri a ranar farko bai fi ya ɗauki cokalin shayi ɗaya ko biyu a lokaci guda ba. Yana kuma taimakawa a fitar da baƙin kashin farko, fitarsa kuma na rage shawara. Idan aka zubar da shi aka ba da dauri, saiwoyi da ruwan da aka jiƙa su ne suka riga shiga hanjin da ba shi da mai gadi tukuna. Shi ya sa muke cewa a sa jariri a nono cikin awar farko.

Dabino kuwa, hukuncinsa na malamai ne, ba nawa ba. Ni dai a ganina, a ɗan shafa a dasashi sau ɗaya da hannu wankakke daban yake da a hana yaro nono kwana uku. Na biyun nake yaƙi da shi.

Kin ce ga 'ya'yanku nan, Allah Ya ƙara musu albarka. Amma ke kin fi ni sanin cewa da wuya a sami gidan da ba a binne goyo ba a wancan zamani, a ce "ya koma". Ajali na Allah ne, sababi kuma an umarce mu mu kiyaye. Wani babban nazari da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2016 ya ƙiyasta cewa da shayarwa ta game ko'ina, da an tsirar da yara kimanin 823,000 a duk shekara, kuma da an kauce wa kusan rabin zawon da yara ke yi.

Anti, aiki aka yi wa iyalina aka ciro yarinya, aka ɗora ta kan allurai da magunguna. Nono bai zo da wuri ba, muka fara madarar jarirai. Na ji a wani bidiyo cewa 'ya'yan tiyata garkuwarsu ba ta da ƙarfi har abada. Gaskiya ne?
*Wani magidanci, Hotoro*

Malam, barka da arziki, Allah Ya ba ta lafiya. Mai bidiyon ya ɗauki gaskiya kaɗan ya hura ta. Jaririn da ya biyo hanyar haihuwa yana kwasar ƙwayoyin uwarsa, wanda aka ciro da aiki kuma ya fi kwasar na fata da na ɗakin asibiti. Wani bincike a Ingila da aka buga a 2019, kan jarirai kusan 600, ya tabbatar da bambancin a makonnin farko, ya kuma nuna yana raguwa ƙwarai kafin yaro ya shekara. Nono na cikin abubuwan da ke taimakawa wajen gyara shi. Aikin nan rai biyu ya ceta, kada kowa ya sa maiɗakinka ta ji kamar ta gaza.

Ba a makara ba. Ta riƙa sa yarinyar a mama tukuna kafin a ba da madara, dare da rana, ta rungume ta fata da fata. Yawan tsotso ne ke kawo ruwan nono. Kai kuma naka shi ne cefane da rage mata aiki. Yayin da nonon ke ƙaruwa sai a riƙa rage madarar, tare da shawarar masu awo don a ga nauyinta na hawa.

Kafin nan, a kula da haɗin. Garin madara ba tsarkakakke ba ne daga ƙwayoyi, saboda haka a tafasa ruwa, a haɗa da shi yana da zafi, bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, sannan a huce. Abin da ya rage bayan awa biyu a zubar, na san da tsada, amma kwanciyar asibiti ta fi tsada. Kada a tsinka ta don gwangwani ya daɗe. Ƙaramin kofi ya fi fida sauƙin wankewa, fidar da ke yawo a jaka cikin wannan zafin kuwa ba na ƙaunar ganin ta. Wasu kamfanoni yanzu suna zuba iri ɗaya ko 'yan kaɗan na sukarin HMO a madararsu su rubuta da manyan baƙaƙe a jikin gwangwani. Ba laifi, amma ka tuna iri nawa na ce nono yake da su.

Yarona watansa takwas, yana zawon haƙori. Mai kemis ya haɗa mana Flagyl da wani sirof na antibayotik. Duk sanda ya fara haka muke ba shi, amma yana dawowa.
*Wata uwa, Rijiyar Lemo*

Ƙanwata, haƙori ba ya kawo zawo. Lokaci ne ya haɗa su: watannin da haƙori ke fitowa su ne watannin da yaro ke rarrafe, yana kai komai baki, an kuma fara ba shi abinci. Yawancin zawon wannan shekaru ƙwayar bairos ce ke kawo shi, musamman rota, kuma antibayotik ba ya taɓa bairos. Abin da yake taɓawa shi ne Bifido da 'yan'uwanta. Kowane zagaye na magani sai ya share su, a ɗauki makonni ko watanni kafin su farfaɗo, a tsakanin nan hanji ya zama fili ga duk wanda ya zo. Ina zargin wannan na cikin abin da ke dawo miki da zawon.

Maganin zawo irin wannan shi ne ruwan gishiri da sukari na fakiti, ORS, da ƙwayar zinc kullum har kwana 10 zuwa 14 ko da ya tsaya, da ƙara yawan nono, ba ragewa ba. Kada a hana shi abinci. Idan kika ga jini a kashin, ko idanu sun faɗa, ko maɗiga ta loɓa, ko ya ƙi tsotso, ko yana amai da duk abin da ya sha, ko zazzaɓi mai zafi, to asibiti kai tsaye, Hasiya Bayero ko wanda ya fi kusa da ke. A can ne za a ce ko yana buƙatar antibayotik, domin akwai inda shi ne ke ceton rai.

Tun 2022 an sa rigakafin rota cikin na yau da kullum a Nijeriya, ɗigo ne a baki a sati 6, 10 da 14. Masu jarirai su duba katinsu. Wani abin sha'awa, bincike a Bangladesh ya nuna jariran da ke da Bifido da yawa jikinsu ya fi karɓar wasu alluran rigakafi, har da na shan inna. Mu da muka sha fama da shan inna a Kano, wannan ba ƙaramin labari ba ne.

Me mai jego za ta ci nononta ya yi kyau? An dage mini da kunun kanwa.
*Amarya, Ɗorayi*

Irin sukarin HMO da ke nononki galibi gado ne, abinci ba ya sauya shi sosai. Abin da cinki ke sauyawa shi ne irin mai da wasu bitamin. Ki ci ki ƙoshi, ki ƙara a kan yadda kika saba: wake, ƙwai, kifi, hanta, zogale, kindirmo, gishiri mai aidin. Kunu ki sha, amma a rage kanwar sosai. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kanwa da zafin wankan jego da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Kumburin ƙafa da haki ga mai jego ba abin jira ba ne.

'Yata ta cika wata shida. Koko nake dama mata tsararo a fida. Kuma ina da ƙaramin ciki, an ce in yaye ta maza kada ta sha ciki.
*Wata uwa, Sheka*

Fara da ajiye fidar, 'yata. Koko tsararo ruwa ne mai launi. A wata shida sinadarin ƙarfen da yaro ya zo da shi daga ciki ya fara ƙarewa, nono kaɗai ba ya cike gurbin, don haka abinci ya zama mai kauri, wanda zai zauna a cokali. Ɗan tsamin gasara ba laifi ba ne, yana ma rage yaɗuwar ƙwayoyin cuta a kunu, amma gero shi kaɗai bai isa ba.

A wannan lokaci sababbin ƙwayoyi ke shigowa hanji, masu cin ɓangaren hatsi, wake da ganye da cikinmu ba ya narkarwa. Su ma suna fitar da abin da ke ciyar da bangon hanji yana kuma horar da garkuwar jiki ta bambance abokin gaba da abinci. Ginin ba ya kammala sai wajen shekara biyu zuwa uku. Masu bincike a Bangladesh, Tahmeed Ahmed na cibiyar binciken zawo ta Dhaka da Jeffrey Gordon na Amurka, sun gano yara masu tamowa ƙwayoyin hanjinsu kan tsaya a baya, kamar na yaron da bai kai shekarunsu ba. Suka haɗa wani abinci da garin gyaɗa, garin waken soya, wani wake na can ƙasarsu da ɗanyar ayaba. A sakamakon da aka buga a 2021, yaran da suka ci shi sun fi ƙara nauyi a kan waɗanda aka ba abincin tallafin da aka saba, duk da nasu bai kai wancan ƙarfin kuzari ba. Ki lura da kayan haɗin. Biyu daga ciki ana auna su da kwano a Dawanau da kasuwar Rimi.

Saboda haka ki soya gero ko dawa, waken soya da gyaɗa sama-sama, a niƙa, ki dama da kauri, ki ɗiga ɗan manja ko man gyaɗa. Gyaɗar ki tsince ta, duk wadda ta yi fumfuna ko ɗaci a zubar, kuma kada a ba yaro ƙwayarta, tana shaƙewa. Ki riƙa sauyawa: dafaffen ƙwai, alale, kabewa, dankalin Hausa, tuwo mai laushi da miyar kuka ko zogale marar yaji, kifi da aka cire ƙaya, gwanda, ayaba. Daga wata 6 zuwa 8 sau biyu ko uku a rana, daga wata 9 sau uku ko huɗu. Yanzu kam za ta sha ruwa, tafasasshe, a kofi. Biskit da lemon kwalba ba abincin yaro ba ne.

Batun ciki kuma, nono ba ya zama guba don an samu ciki. Yana iya raguwa, ɗanɗanonsa ya ɗan sauya, shi ke nan. Ciwon da ake cewa na shan ciki ne, yawanci na yayen gaggawa ne: a shafa wa mama ɗaci, a kai yarinya gidan kaka rana ɗaya, ta rasa abincinta da kariyarta a lokaci guda. Wani bincike a Suwidin a 2015 ya nuna daina nono ne, fiye da fara abinci, ke juya ƙwayoyin hanjin yaro zuwa irin na manya, kuma 'yar wata shida ba ta kai nan ba. Ki ci gaba da shayarwa, ki fara awon ciki da wuri, ki gaya musu kina shayarwa don su duba jininki. Idan kin taɓa yin ɓari ko haihuwar bakwaini, ko kina ganin jini ko ciwon mara, to wannan sai likita ya duba ki kafin a yanke shawara.